Mai riƙe fitila ma sai an buɗe masa shafi a kundin Kannywood?

Kaset_Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙorafi, kuma na ga gara in kawo shi fili da a yi ta ƙus-ƙus a bayan fage. Makon jiya na buɗe shafi a kundin nan namu na tarihin finafinan Hausa da sunan wani dattijo da ya yi aikin haska fitila a zamanin kaset. Sunansa na gani a ƙarshen finafinai tara da nake da su a gida, na zauna na jera su ɗaya bayan ɗaya, na sa shekara da kamfani. Bayan kwana biyu na leƙa na tarar an share shafin, an bar mini saƙo wai "bai kai ba". To wa ya kai? Jarumar da ta fito a fim biyu ta yi aure tana da shafi har da hotuna shida, amma wanda ya haska fuskarta har muka gan ta ba shi da ko layi ɗaya. Kundin na 'yan wasa ne kaɗai ko na masana'antar gaba ɗaya?

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Ni na share, ba sai an tsaya neman wanda ya yi ba. Kuma ba don raini ba ne, Malam Kaset. Abin da ka rubuta suna ne da jerin finafinai tara, shi ke nan. Babu garinsu, babu shekarar da ya fara, babu wata jarida ko mujalla da ta taɓa cewa uffan a kansa. Wannan ba shafi ba ne, jeri ne. Ka duba ƙarshen kowane fim, sunaye ne rututu: direba, mai janareta, mai abinci, masu gidan da aka ara, har da "godiya ta musamman ga mai unguwa". In muka buɗe ƙofar nan, wa zai tsare ta? Mu da muke gyara a kundin nan kullum ba mu cika goma ba. Akwai manyan finafinan da har yau shafinsu layi biyu ne.

UmmuHanifa:
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Na_Kurna:
Ni dai ina bayan Sarki. Tsakani da Allah, wa ya taɓa ɗaukar waya ya nemi sunan mai fitila? Mutane Ali Nuhu suke nema, da marigayi Ibro, da Hadiza Gabon. A yi wa mai karatu abin da yake so.

Kaset_Uku:
Na_Kurna, in abin da mutane ke nema ne ma'auni, ai sai mu rufe kundin mu koma dandalin gulma, can aka fi cika. Wanda kowa ya sani ba ya buƙatar mu. Ali Nuhu tun farkon 2024 shi ne shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, ko mun rubuta shi ko ba mu rubuta ba tarihi ya riga ya ɗauke shi. Wanda in ba mu rubuta ba zai ɓace, shi nake magana a kai.

MaiFitila_Dorayi:
Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba, yau dai an taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi aikin fitila shekara bakwai kafin in koma gyaran wutar gidaje. Bari in gaya muku yadda abin yake, don wasu suna ɗauka kunna makunni ne kawai.

A lokacinmu fitilun nan masu zafi muke amfani da su, irin waɗanda in ka taɓa gilashinsu da hannu bayan an kashe sai fatar ta saɓule. Har yau akwai tabo a hannuna na hagu. Janareta sai an kai shi bayan gida ko ƙarshen layi don kada ƙararsa ta shiga makirfo, sai ka ja waya mai tsawo ka bi ta kwata, ka naɗe mahaɗar da leda. In ana ɗaukar waje da rana, kwali muke samu mu manna masa takardar azurfa mu riƙa mayar da hasken rana fuskar ɗan wasa. Kana tsaye hannu sama, darakta ya ce a sake, a sake, sau goma sha. Jaruma tana cikin mota ana mata fifita. Baƙar fata kuma in ba ka iya haska ta ba, ido da haƙori kawai za a gani a talabijin. Wannan ilimi ne, wani ya koya mini, ni ma na koya wa wasu.

Amma ga abin da zai ba ku mamaki. Akwai fim ɗin da na yi kwana goma sha ɗaya a kansa, da ya fito na ari kaset ɗin na kai gida don in nuna wa mahaifiyata sunana. Muka zauna har ƙarshe. A wajen mai fitila sai ga sunan ƙanin furodusa, yaron da ko lokeshan bai taɓa zuwa ba. Tsohuwa ta dube ni ta ce, "To kai ina kake zuwa duk kwanakin nan?" Ban sake kai fim gida ba.

UmmuHanifa:
Allah sarki. Allah ya saka maka, Malam.

Tsohon_Edita:
Abin da MaiFitila ya faɗa gaskiya ne, kuma dole in amsa laifi, don irinmu ne muke buga sunayen nan. Kaset_Uku, ka yi haƙuri zan ɗan rage maka ƙarfi. Sunayen ƙarshen fim su ne abu na ƙarshe da ake yi, yawanci tsakar dare, furodusa yana tsaye a kanka yana cewa gobe da asuba 'yan kasuwa ke jira a Ƙofar Wambai. Ka ce ina takardar sunayen ma'aikata, ya ce "kai dai sa na wancan fim ɗin, ai su ne". Sai ka buɗe tsohon aiki a kwamfuta ka canza sunan fim da na 'yan wasa, sauran ka bar su yadda suke. Na rantse na san mutumin da sunansa ya ci gaba da fitowa a matsayin mai ɗaukar sauti bayan ya bar Kano ya tafi Legas da zama. Don haka finafinai taran nan naka, in kamfani ɗaya ne ko edita ɗaya, ba mamaki dattijon bai yi rabinsu ba.

Sannan ga matsalar laƙabi. Dogo, Ɗan Asabe, Baban Yara, Injiniya. Dogo nawa ne a Kano? In ka haɗa duk Dogon da ka gani a kaset ka yi masa shafi ɗaya, ka haɗa mutum huɗu ka mai da su mutum guda.

Sarkin_Gardama:
Alhamdu lillahi. Ga shi daga bakin masu abin.

Kaset_Uku:
Kar ka yi saurin murna, Sarki. Abin da na fahimta daga maganar Baba Edita shi ne rubutun kaset ba abin dogaro ba ne, don haka ma ake buƙatar wani wuri da za a gyara shi tun masu gyaran suna raye. Da akwai shafi, da MaiFitila ya zo ya ce fim kaza ni na yi. Yanzu ina zai je ya faɗa?

Ɗalibar_BUK:
Ina ganin abu biyu muke cakuɗawa. Akwai irin tsarin Wikipedia, har da ta Hausa, inda ba a buɗe wa mutum shafi sai an samu majiyoyi masu zaman kansu da suka yi rubutu a kansa sosai. Akwai kuma irin tsarin IMDb, rumbun bayanan finafinai na intanet, inda duk wanda sunansa ya fito a fim yake samun gurbi, ko da direba ne, sai dai gurbin yawanci jerin ayyuka ne kawai ba labarin rayuwa ba. Sarki yana auna mu da mudun farko, Kaset yana auna mu da na biyu. Mu ba mu taɓa zama mun ce ga mudunmu ba.

Kuma in muka ɗauki na farko, mu sani cewa majiyoyin namu kaɗan ne. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme a 1999 ta fara fita. Tauraruwa, wadda a cikinta Sunusi Shehu ya fara kiran masana'antar da suna Kannywood, ita ma ta wannan zamanin ce. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano sai 2001 aka kafa ta. To Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ya fito. Shekaru da dama ke nan ana yin fim babu mujallar da ke bin sawun masu yin sa. Duk wanda ya yi aiki a wannan tsakanin, in ba darakta ba ne ko babban ɗan wasa, dokar majiya ta kashe shi tun kafin a fara shari'a. Ko rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu, da su muke dogara a makaranta, ba aikinsu ba ne su lissafo duk wanda ya ja waya.

Na_Kurna:
To ai kin faɗa da bakinki, babu majiya. In babu majiya me za a rubuta? Tatsuniya?

AbuSumayya:
Bari in kawo wani abu daga wani fage, a yi mini uzuri. Malaman hadisi sun fuskanci irin wannan tambayar tun da daɗewa. Ku buɗe Taƙribut Tahzib na Ibnu Hajar, littafin da ya jera maruwaitan hadisi, za ku ga mutum an ba shi layi ɗaya tak: sunansa, laƙabinsa, ɗabaƙarsa, hukuncinsa. Wani ma sai a ce "majhul", wato ba a san halinsa ba, amma ba a cire shi daga littafin ba. Ba su ce sai mai dogon labari zai shiga ba, kuma ba su ƙirƙira masa labarin da ba su da shi ba. Sun rubuta iyakar abin da suka sani suka tsaya. Haka masu kwafe littattafai da hannu a ƙasar nan, da yawa in sun kai ƙarshe sai su rubuta sunansu su roƙi addu'a. Ba su suka wallafa ba, amma da hannunsu littafin ya iso mana.

Bazazzagi:
Haba Malam, hadisi da fim? Wannan kwatancen ya yi nisa.

AbuSumayya:
Ban haɗa darajarsu ba, Allah ya kiyaye. Hanyar ajiye suna nake nunawa. Layi ɗaya na gaskiya ba abin kunya ba ne.

Gwaggon_Yara:
Ku dakata, ku duka maza ne kuke ta yanke hukunci, ban da 'yata ta BUK da Ummu. Akwai abin da ba wanda ya taɓo.

Ni na yi kwantiniti wajen shekara huɗu kafin in yi aure. Aikina littafi ne da biro. In an ɗauki fitowa yau, sauran rabinta sai bayan sati biyu saboda jarumi ya tafi wani lokeshan ɗin, ni ce zan tuna ɗankwalin da jaruma ta ɗaura da ɓangaren da ta karkata shi, kofin shayi yana hannun dama ko hagu, agogon bango ƙarfe nawa ya nuna. Ranar da ta fi ba ni wahala, wata ta je biki ta dawo da lalle har gwiwar hannu, alhali a fitowar da muka fara hannunta fes. Sai da na sa aka canza tsayuwarta aka lulluɓe hannun da mayafi, darakta yana ta faɗa kamar ni na ƙunsa mata. Littattafan nan guda uku suna nan a ƙasan akwatina, da sunan duk wanda ya zo aiki kowace rana, don ni nake ba mai walfiya, wato mai kula da ciyar da ma'aikata, lissafin kwanon abinci.

Ina alfahari da aikin. Amma wallahi in na ga sunana na gaskiya a kundin nan sai na nemi a cire. Maigidana ya sani, danginsa ba su sani ba. 'Yata ta fari ta isa aure. Kun san abin da "uwarta 'yar fim ce" yake yi wa magana in an zo bincike. Jaruma ita ta zaɓi fuskarta ta fita duniya. Mai kwalliya da mai sutura da mai dafa abinci ba su zaɓa ba, neman na cefane suka je. Kafin ku yi gardamar wa ya cancanta, ku tambayi wa yake so.

Kaset_Uku:
Gwaggo, wallahi ban taɓa kallon ta nan ba. Na karɓa.

Sarkin_Gardama:
Ni ma wannan ya fi hujjata ƙarfi, na yarda. Amma kun ga ya ƙara mana aiki: yanzu ba majiya kaɗai za mu nema ba, har da izini.

Ɗalibar_BUK:
Gwaggo don Allah kar ki yar da littattafan nan. Abin da ke cikinsu babu shi a ko'ina. Ko ba za a sa suna ba, ranakun ɗauka da wuraren kaɗai dukiya ne.

Gwaggon_Yara:
Gara ce kawai abokiyar gabata, 'yar nan. Na sa musu magani.

BaDamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan Nijar muna da misali da ya kamata ku duba. Oumarou Ganda ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Abijan lokacin da Bafaranshen darakta Jean Rouch ya sa shi a fim a ƙarshen shekarun 1950. Da a ce a lokacin aka tambayi irin su Na_Kurna, da sun ce bai kai ba. Shi ne ya zo ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1972, yau ga cibiyar al'adu da sunansa a Yamai. Sannan akwai Moussa Hamidou, mai ɗaukar sauti da ya yi shekaru yana aiki da Rouch. Bai zama darakta mai suna ba, amma masu nazarin silimar Nijar sun san shi, domin muryoyi da kaɗe-kaɗen da ke cikin finafinan nan ta kunnensa suka bi. An san shi ne saboda an rubuta sunansa daidai tun farko.

Na_Kurna:
Ganda ai don ya zama darakta aka san shi, ba don dako ba. In mai fitilar Kaset ya zama darakta ni da kaina zan buɗe masa shafi.

BaDamagare:
Shi ya sa na kawo na biyun. Ka karanta har ƙarshe, ɗan uwa.

Masoyin_Indiya:
Tunda an fita waje bari in kai ku Bombay. A fim ɗin Mahal na 1949, faifan waƙar da ta fito da Lata Mangeshkar bai ɗauki sunanta ba, sunan Kamini aka buga, wato sunan da jarumar take amsawa a cikin fim ɗin. Sai da mutane suka dami gidan rediyo da tambayar wace ce mai muryar nan. A lokacin mai waƙar bayan fage ƙaramar ma'aikaciya ce. Mu ma nan haka aka yi: shekara nawa mutane suna ɗauka jarumai ne ke rera waƙoƙin da bakinsu, kafin a san su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha? Wanda ake kira ƙarami yau, gobe ba ƙarami ba ne. Yanzu ma masu sa murya a fassarar Indiya-Hausa, yara a unguwa suna kwaikwayon muryarsu amma ba su san fuskarsu ba. Su a wane aji za mu sa su?

Bazazzagi:
Masu sa murya ai 'yan wasa ne, da baki suke wasan. Ni wanda nake so a buɗe wa shafi shi ne mai rubuta fassarar Turanci a ƙasan fim. A nemo shi duk inda yake, muna da tambayoyi.

UmmuHanifa:
Kai Bazazzagi Allah ya shirye ka, har na ƙware da shayi.

Tsohon_Edita:
Ku yi dariya, amma yawanci ɗalibi ne aka ba shi kwana ɗaya da kuɗin da bai kai na mota ba. Wani lokacin ma editan ne da kansa, da Turancinsa na sakandare. Kar ku tambaye ni yadda na sani.

HajiyarJos:
Mun bar zancen fa. Ni tambayata ga Sarki: me shafi ɗaya yake ci mana? Ba takarda muke saya ba, ba tawada ba. A zamanin littafi ne ake cewa wuri ya ƙare. Ko Turawan da muke koyi da su sun fara gyara nasu. Masu kyautar Oscar sun ƙara rukunin masu zaɓen 'yan wasa, sun kuma sanar a 2025 cewa masu tsara faɗa da tsalle-tsalle masu haɗari za su samu nasu rukunin a bikin karo na 100. Kusan ƙarni guda mutane suna karya ƙashi ba a kiran sunansu a dandamali. Akwai kuma wani mai riƙe sandar makirfo a Star Wars na 1977, Ken Nightingall, da aka ɗauki hotonsa yana aiki cikin zafin Tunisiya daga shi sai gajeren wando ruwan hoda. Masoya fim ɗin suka gano hoton bayan shekaru da yawa, har suna yin shigarsa a tarukansu. Da ya rasu a 2020 jaridu sun ba da labari. Masoya ne suka ɗaga shi, ba kamfani ba. To mu ba masoya ba ne?

Sarkin_Gardama:
Hajiya, wuri ba ya ƙarewa, amma ido yana ƙarewa. Kowane shafi da aka buɗe sai wani ya riƙa leƙa shi. Bara wani ya shiga shafin wata mai kwalliya ya rubuta ta rasu, alhali tana raye, ya kwana goma sha a haka ba wanda ya lura, sai da 'yar uwarta ta kira tana kuka. Shafin babban jarumi in aka yi masa haka cikin minti biyar an gyara, don ido dubu ne a kansa. Ƙaramin shafi shi ne maɓoyar ƙarya. Wannan ne tsorona, ba wai na raina mai fitila ba. Mahaifina ma makaniki ne.

MaiFitila_Dorayi:
Ni fa ban ce a rubuta tarihin haihuwata ba. Wa ya damu da ranar da aka yi mini kaciya? A shafin fim ɗin a rubuta "fitila: wane", kuma ya zama wanen gaskiya ne. In an danna sunan ya nuna sauran finafinan da na yi. Ya ishe ni. Jikana ya gani ya san ba yawon banza nake zuwa ba.

Ɗan_Zongo_Kumasi:
Maganar MaiFitila ita ce daidai a wurina. A waƙa ma haka ne. Shata ya rasu tun 1999, kowa ya san shi har nan Zongo, amma ɗauke kalangu da 'yan amshi ka ji abin da zai rage. Ba kowane ɗan amshi za a rubuta wa littafi ba, amma littafin Shata da babu sunayensu bai cika ba.

Ɗalibar_BUK:
To ga shawara. Mataki uku. Na ɗaya, kowane fim a cika jerin ma'aikatansa yadda yake a kaset, a rubuta a fili cewa "haka aka buga a fim ɗin". Na biyu, in wani ya zo da gyara irin na MaiFitila, a sa shi a gefe a ce "wane ya ce shi ya yi", sai an samu mutum na biyu da ya halarci aikin ya tabbatar. Na uku, cikakken shafi sai ga wanda aka samu abin faɗa a kansa kuma ya yarda, ko iyalansa in ya rasu. Mata irin su Gwaggo a bar su da laƙabin da aka buga, kar a bi diddigi.

Na_Kurna:
Mataki na biyun nan zai kawo rigima. Ranar da mutum uku suka zo kowa ya ce shi ya riƙe kyamara a fim ɗin da ya yi suna, kowa da shaidarsa, wa zai yi alƙalanci? Sarki?

Sarkin_Gardama:
A'a wallahi, ni na ajiye rawanin.

Bazazzagi:
Ku je wajen MOPPAN mana, uwar ƙungiyar masu sana'ar fim, ko ƙungiyoyin ma'aikatan. Ai suna da rajistar 'ya'yansu.

Tsohon_Edita:
Rajista za ta gaya maka wane ɗan ƙungiya ne, ba za ta gaya maka ranar Talata kaza yana wane lokeshan ba. Kuma mutanen farko da yawa ma'aikatan gidan talabijin ne, na CTV da NTA Kano, suna fita da kayan aiki bayan an tashi ofis. Wasunsu da gangan suka ƙi a sa sunansu don kar shugabanninsu su gani. Ka ga nan kuma kaset bai yi ƙarya don zalunci ba, rufin asiri ya yi.

Kaset_Uku:
'Yan uwa na dawo da labari. Jiya bayan la'asar na je na samu dattijon, wani tsohon mai sayar da kaset ne ya yi mini kwatancen gidan. Na tarar da shi a ƙofar gida yana gyara fankar maƙwabta. Na karanta masa finafinai taran. Baba Edita, ka yi gaskiya: huɗu ya ce bai san da su ba, ɗaya ma ya ce a lokacin yana kwance da karaya. Amma ya lissafo mini wasu guda shida da ya yi waɗanda babu sunansa a ciki, har da gidan da aka yi ɗaukar da wanda ya kawo janareta. Na tambaye shi ko yana so a buɗe masa shafi. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, wa zai karanta?" Can kuma ya ce in dai za a rubuta, to a haɗa da yaron da yake riƙe masa tsani, wanda wuta ta taɓa ja a wani lokeshan har ya daina ji da kunne ɗaya. Ya ce shi ya fi shi cancanta. Sunan yaron ma laƙabi kawai ya iya tunawa.

Yanzu ban san me zan yi ba. In na bi kaset, na rubuta ƙarya huɗu. In na bi bakinsa, Sarki zai ce babu majiya.

Sarkin_Gardama:
Ka naɗi muryarsa?

Kaset_Uku:
Na naɗa, da izininsa. Minti arba'in da wani abu.

Sarkin_Gardama:
To wannan wani abu ne daban, ba irin shafin da na share ba. Ban ce na yarda a buɗe wa kowa ba, har yanzu ina kan bakana game da direba da mai unguwa. Amma turo mini in saurara.

Na_Kurna:
Ni dai har yanzu ban ga wanda zai karanta ba. Shi kansa dattijon abin da ya faɗa ke nan.

UmmuHanifa:
Kai ka karanta zancen nan tun daga sama har nan, Na_Kurna, kuma duk a kan mai fitila ne.

Gwaggon_Yara:
Kaset, turo mini sunayen finafinai shidan ta akwatin sirri. In akwai wanda na yi wa kwantiniti a ciki zan duba littafina in ga ko yana cikin masu karɓar abinci. Amma sunana kar ya fito.

HajiyarJos:
Wai akwai mai na'urar kallon kaset da take aiki har yanzu? Ina da buhu guda na marigayi maigidana, wasu sun fara yin fari-fari a ciki. In za a kwafe sunayen ƙarshen, gara a yi kafin damina.

Tsohon_Edita:
Ina da guda biyu, ɗaya tana cin zare. Kar ki sa masu farin nan a na'ura kafin a goge su, Hajiya, za su ɓata kan na'urar. Ki ware su daban tukuna, ki gaya mini guda nawa ne.